Idan tsohuwar bindigar farauta mai sakata ta ƙi ɗaukar harsashi: inda ake dubawa da inda ake tsayawa

Duk shekara idan gyaɗa ta fara ƙosawa, masara ta yi goyo, tambayoyin da manoma ke kawo mana sukan sauya. Sai a bar maganar taki da feshi a koma maganar ɓarna: kurege ya tone gyaɗa, gyazbi ya sassare shinkafa a fadama, gafiya ta shiga rumbu. A cikin masu tambayar akwai ’yan tsiraru, yawanci dattawa ko tsofaffin ma’aikata, masu bindigar farauta mai lasisi wadda ta shekara 40 ko 50 a hannunsu. Kukansu kusan iri ɗaya ne: “Malam, tun bara take rataye a ɗaka, yau na ɗauko ta, harsashi ya ƙi shiga.”

Ni malamin gona ne, ba mai gyaran bindiga ba. Abin da ke cikin wannan rubutu shi ne abin da mai bindiga zai iya dubawa da idonsa, ya share da tsumma, ya gane ko matsalar tasa ce ko ta fi ƙarfinsa. A yawancin lokuta laifin ba na ƙarfen bindigar ba ne. Harsashi ne, ko dauɗa, ko magazin. Kamar babur ne idan ya ƙi tashi: fulogi ake fara dubawa, ba a fara sauke inji.

Bindigar da nake nufi ita ce mai sakata, wadda ake ɗaga wani hannu a gefenta, a ja baya, a tura gaba, a kwantar da shi, kamar sakatar ƙofa. Ba bindigar toka ba, ba kuma mai baki biyu ba. Zan yi misali da ƙarama mai cin harsashin .22, irin su Brno Model 2 da aka fara ƙerawa a Chekoslovakiya a shekarun 1950, wadda daga baya aka san ta da CZ 452, da kuma BSA Sportsman ta Birmingham a Ingila.

Takarda tukuna

Dokar makamai ta Najeriya, wadda aka kafa tun 1959, ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa, kuma a cikinsu har da bindigogin soja masu cin harsashin .303 da 7.62. Akwai na amfanin kai irin bindigar farauta, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na ’yan sanda. Sai bindigar toka da danginta, da kwamishinan ’yan sanda na jiha ke bai wa izini. Saboda haka wanda ya tsinci tsohuwar Lee-Enfield mai .303 a kayan kakansa, wannan rubutu ba nasa ba ne, tasa maganar ta miƙa wa hukuma ce.

Abu biyu mutane ke mantawa. Na farko, lasisi na mutum ne, ba a gadonsa tare da gona. Idan mai shi ya rasu, kwana 14 doka ta bai wa magada su riƙe bindigar kafin su daidaita da hukuma. Na biyu, shi kansa gyaran bindiga doka ba ta sakar wa kowa ba, sai wanda aka bai wa izinin sana’ar. Goge bindigarka da wanke magazin ɗinka aikinka ne. Sassaƙe ƙarfe, walda, ko sauya wani sashe na ciki, ba naka ba ne, ba kuma na maƙerin unguwa ba.

Kafin ka taɓa komai

Cire magazin. Buɗe sakata. Leƙa ɗakin harsashi da idonka a cikin haske, sannan ka taɓa da ɗan ƙaramin yatsa. Kada ka ce ai na ja sakata babu abin da ya faɗo. A tsohuwar bindiga ƙugiyar da ke jawo harsashi tana iya kuskure shi ta bar shi zaune a ciki, kuma bindigar da ke da matsalar ɗauka ita ce aka fi zargi da wannan. Idan irin mai dogon bututun ajiya ce a ƙarƙashi, kamar Sportsman Fifteen, ka ƙara hattara, domin harsashi ɗaya kan maƙale a cikin bututun ya fito daga baya. Ka kwashe harsasai duka ka kai wani ɗaki kafin ka fara shara.

Masu Brno da CZ 452 su lura da makullin tsaronta: turawa gaba shi ne kullewa, jawowa baya shi ne buɗewa, akasin bindigogi da yawa. Wanda hannunsa ya saba da wata zai iya zaton ya kulle alhali ya buɗe.

Gwaji da harsashi mai rai ba a yin sa a zaure ko a tsakar gida. Harsashin .22 ƙarami ne a ido amma yana huda ƙyaure da kwano da zana, yana kuma iya tafiya fiye da kilomita ɗaya. Ka je bayan gari inda aka haƙi ƙasa, ka sa bakin bindiga ya kalli gangaren ƙasa mai laushi, inda babu dutse babu ruwa, yatsanka nesa da kunama. Kuma kada ka yi dabarar zare dalma da zubar da albarushi wai don ka sami harsashin gwaji. A harsashin .22 abin da ke tayar da wutar yana cikin zoben gindinsa, yana nan da ransa ko an zubar da albarushin.

Yadda harsashi ke hawa

Magazin ɗan akwatin ƙarfe ne mai cin harsashi 5, wani 10. A ƙasansa akwai sifirin, a kan sifirin akwai ɗan faranti da harsasai ke kwanciya a kai, a samansa akwai leɓɓa biyu da ke riƙe na sama kada ya tsallake. Idan ka ja sakata baya har ƙarshe, sifirin zai ɗago harsashi ya tsaya a gabanta. Idan ka tura ta gaba, sai fuskarta ta taɓa gindinsa ta ture shi, ya zame daga leɓɓan, kansa ya hau ɗan gangare ya shiga ɗaki, wato farkon bututun bindiga. A wannan lokacin zoben gindinsa ke shigewa ƙarƙashin ƙugiya. Ka kwantar da hannu, an kulle. Bayan harbi, ƙugiyar ce ke jawo kwanson da ya rage, wani ɗan ƙarfe ya doke shi ya watsar.

Duk wannan tafiyar ba ta fi tsawon yatsa ba, kuma kuskuren kaurin farce ya isa ya ɓata ta. Shi ya sa tambayar farko da nake yi wa mai kuka ita ce: a daidai ina take tsayawa? Ka tura sakata sannu a hankali kana kallo.

Idan sakata ta wuce ta saman harsashi ta rufe a kan ɗaki fayau, to harsashin bai ɗago sosai ba: ko magazin ya zauna ƙasa-ƙasa, ko sifirin ya gaji, ko faranti ya maƙale, ko kuwa kai ne ba ka ja sakata har ƙarshe ba. Idan kan harsashi ya sunkuya ya tokari bangon magazin ko ƙasan gangare, ka zargi faranti da sifirin da yadda aka jera harsasan. Idan kan ya ɗaga sama ya daki saman ƙofar ɗaki, ko harsashin ya yi tsalle ya fice gaba ɗaya, leɓɓa sun buɗe. Idan ya shiga rabi ya cije, ko ya shiga amma hannun sakata ya ƙi kwanciya sai da ƙarfi, to matsalar tana ɗaki ko a jikin harsashin. Idan kuma tsohon kwanso ne ya ƙi fita, sabo ya zo ya tokare shi, wannan ba matsalar ɗauka ba ce, ta fitarwa ce, ƙugiya za ka duba.

Kada ka yar da harsashin da ya cije. Dalma tana da laushi, duk abin da ta goga sai ya bar mata tabo. Ɗaga shi a haske. Ƙarzuwa a ƙasan kai na nufin gangare ko bakin magazin ya daka. A saman kai, saman ƙofar ɗaki. Dogon zane a jikin tagulla wanda kullum a gefe ɗaya yake fitowa, akwai abin da ya turo a bakin ɗaki. Wannan shaida ta fi duk wani kintace.

Fara da harsashi

Nan ne ya fi araha, nan ne kuma aka fi samun laifin. Karanta abin da aka buga a jikin bututun bindigarka, ka gwada da abin da ke jikin kwali. Harsashin da ake kira .22 ba iri ɗaya ba ne. Akwai Short, tsawonsa kusan milimita 18. Akwai Long, kusan 23. Akwai Long Rifle, wanda aka fi sani, tun 1887 ake yin sa, tsawonsa kusan milimita 25. Akwai kuma Magnum, wajen milimita 34, ya fi kauri, ba ya shiga ɗakin Long Rifle, kuma kada a gwada tilasta shi. Magazin da aka yi don Long Rifle ba ya ɗaukar Short daidai, domin gajere ne, yana sakin leɓɓa kafin kansa ya kai ƙofa.

Short yana da wata ɓarnar da ba a gani nan take. Idan an daɗe ana harba shi ɗai-ɗai a ɗakin Long Rifle, yakan bar zoben toka da dalma a daidai inda gajeren kwansonsa ya ƙare. Ranar da aka dawo da dogo sai ya kai wajen zoben ya cije. Burushi da haƙuri ke cire shi.

Sai ajiya. Kan harsashin .22 a shafe yake da wani abu mai kama da kakin zuma. Ka zuba shi a aljihu tare da goro da ɓurɓushin gero, ko ka bar kwali a ƙarƙashin rufin kwano a zafin Maris da Afrilu, kakin zai narke ya kwashi yashi. Harsashin da ya daɗe a danshi kuwa dalmarsa kan yi fari-fari ta kumbura, tagullar ta yi kore-kore. Dalmar ba ta da ƙarfin zama a bakin kwanso, ɗan matsi kaɗan ke karkatar da ita. Mirgina harsashi a kan madubi, idan kan yana rawa to ya lanƙwashe, ware shi. Mai ɗan datti a goge da busasshen tsumma. Kada ka shafa wa harsashi mai don ya zame, man na iya shiga ciki ya kashe shi. Wani lokaci kuma tsohuwar bindiga ba ta son harsashi mai rami a kai, ta fi son mai kai mulmulalle. Kafin ka yanke hukunci a kan bindiga, gwada sabon kwali daga hannun dila mai rajista.

Jerawa ma tana da ƙa’ida. Kowane harsashi da ka sa, zoben gindinsa ya zauna a gaban zoben na ƙasa da shi. Idan ya koma bayansa, to za su sarƙe, sakata ta tura na sama, na ƙasa ya riƙe shi. Ana danna harsashi ƙasa ne a ɗan gaba, sannan a zame shi baya ƙarƙashin leɓɓa. Kuma magazin 5, biyar ne. Na shida da ake cusawa da ƙarfi shi ke buɗe leɓɓa.

Ƙura da mai

A ƙasarmu wannan shi ne babban ciwon. Mutane sun ɗauka yawan mai shi ne kulawa. Mai ya haɗu da ƙurar hunturu sai ya zama taɓo, ya daskare a cikin magazin, a fuskar sakata, a ƙarƙashin ƙugiya. Na taɓa ganin wadda aka shafe da man gyaɗa, bayan wata shida sakatar ta manne kamar an zuba ƙaro. Man gyaɗa, man ja, man shanu, man kaɗanya, duk suna danƙo idan sun daɗe. Baƙin mai na inji da giris kuwa maganaɗisun ƙura ne. Idan babu man bindiga, man keken ɗinki ya wadatar, shi ma ɗigo biyu ko uku a tsumma.

Cire sakata gaba ɗaya. A Brno da CZ 452, bayan ka tabbatar babu harsashi, kana buɗe ta ka ja kunama baya ka riƙe, sai ta zare. Leƙa bututun daga baya zuwa gaba kana fuskantar haske. Dalili: zanzaro. Bindigar da ta yi damina a rataye, zanzaro kan yi ginin laka a cikin bututunta, kuma harbi a kan bututu toshe yana iya kumbura ƙarfe ko ya fasa shi. Idan ba ka ga haske zagaye tsaf ba, babu maganar harbi.

Share bututu da sandar shara da tsumma daga ta baya, ba ta baki ba, domin gogar bakin na lalata saiti. Ɗaki ka ba shi lokaci da burushin tagulla. Sannan ka duba gefen ƙofar ɗaki, akwai ’yan ramuka inda ƙugiya ke shigewa idan an rufe. Idan sun cika da dauɗa, ƙugiya ba ta samun wurin zama, hannun sakata sai ya ƙi kwanciya, ko ta kasa kama kwanso. Tsinken tsintsiya ko na sakace ke fitar da ita. Ban da ƙusa, ban da allura, ban da waya. Fuskar sakata a wanke da tsohon burushin haƙori da ɗan kananzir, a bar ta ta bushe sarai, kuma kada kananzir ya taɓa katako. Ɗaga ƙugiya da farce ka saki, ya kamata ta koma da ƙarfi. Idan ta koma a sanyaye bayan an wanke, ko bakinta ya guntule, sai sabuwa, wannan kuma na mai gyara ne.

Magazin

Idan harsashi lafiya, bindiga tsaf, amma har yanzu tana cijewa, kusan kullum magazin ne. Hanya mafi sauri ita ce gwada wani magazin na irin bindigar. Idan ya yi aiki, ka gama bincike.

Idan ɗaya gare ka, yi waɗannan gwaje-gwaje. Danna faranti ƙasa da yatsa ko ɗan kara ka saki. Ya kamata ya taso sumul. Idan yana tsayawa a hanya, akwai datti, tsatsa, ko loɓawa a bango. Sannan ka lura da na nawa ke cijewa. Idan na farko da na biyu suna wucewa, na ƙarshe ne ke sunkuyawa, sifirin ya gaji, domin a nan ne ƙarfinsa ya fi ƙaranci. Idan na farko a cikakken magazin ne ke wahala sauran su wuce, ka zargi dauɗa ko cikawa fiye da kima. Gwaji na uku: tallafi ƙasan magazin da tafin hannu ka ɗan matsa sama kana tura sakata. Idan matsalar ta ɓace, to magazin ɗin na zama ƙasa da inda ya kamata, wato makamarsa ta cinye ko gidansa ya saki.

Yawancin tsofaffin magazin na ƙarfe murfin ƙasansu na zamewa. Kafin ka zare sifirin ɗauki hotonsa da waya, domin yana da gaba da baya, kuma mayar da shi a juye na sa faranti ya karkace. Buɗe shi a kan tire ko cikin kwano, kada ya yi tsalle ya ɓace a cikin yashi. Wanke da kananzir, busar, mayar da shi a bushe. Cikin magazin ba ya son mai ko kaɗan.

Abu biyu kada ka yi. Kada ka ja sifirin don ya ƙara tsawo, zai yi aiki kwana biyu ya koma ya fi da rauni. Kada kuma ka kama leɓɓa da filaya. Tazarar da ke tsakaninsu ƙanƙanuwa ce ƙwarai, hannu ba ya auna ta, kuma tsohon ƙarfe yana tsagewa. Magazin da ya faɗi a siminti ya loɓa leɓe, maye shi ake yi. Mai bututun ajiya kuwa ka shafa bututun da yatsa ka ji ko ya loɓa, domin loɓawa ɗaya ta isa ta tare harsashi.

Katako da sukurori

Ƙotar bindiga katako ce, tana kumbura da damina, tana tsukewa da hunturu, kamar ƙyauren ɗaki. Bayan shekaru sukurorin da ke haɗa ƙarfe da katako sukan saki, haka ma waɗanda ke riƙe gidan magazin. Girgiza gidan da yatsa, bai kamata ya motsa ba. Ɗaure su da sukuddireba mai cika ramin daidai, har su zauna, ba har katako ya yi ƙara ba. Idan wani ya taɓa maye sukuru da na kasuwa, duba tsawonsa. Wanda ya yi tsawo yakan leƙo ciki ya goga sakata.

Tabon harbin wofi

Akwai wata matsala ta musamman ga .22. Allurarta gefen gindin harsashi take bugawa, ba tsakiya ba. Idan aka ja kunama babu komai a ɗaki, a tsofaffin bindigogi allurar na iya dukan bakin ɗakin da kanta. Yau ƙyas, gobe ƙyas, musamman inda samari ke wasa da ita, sai wurin ya loɓa, ƙarfe ya turo ciki. Alamarsa ita ce dogon zanen nan a jikin kwanso, da wahalar shiga da wahalar fita, da ɗan tabo da za ka gani a bakin ɗaki daidai inda allura ke sauka. Mai gyara yana da ƙarfen da yake mayar da wurin mazauninsa ba tare da ya cire komai ba.

A nan ne nake roƙon jama’a su ajiye zarto. Wani manomi a yankin da nake aiki ya kai tasa wurin wani mai gyaran kayan ƙarfe, aka sassaƙe gangare da bakin ɗaki “don hanya ta buɗe”. Harsashi ya shiga sumul kuwa. Amma gindin kwanso ya rasa abin da ke tallafe shi, harbi na uku ya tsage, hayaƙi da ɓurɓushin tagulla suka watso masa a kumatu. Allah ya tsare idonsa. Da muka buɗe magazin daga baya, ƙwayar gero biyu muka samu a ƙarƙashin faranti. Ƙarfen da aka cire ba ya dawowa, bindigar kuma ta tashi daga aiki.

Hannunka ma a duba

Wasu suna lallaɓa sakata saboda kada ƙara ta kori abin farauta, su tsaya a rabin hanya. An yi ta ne a ja har ƙarshe, a tura har ƙarshe, da motsi ɗaya, ba da ƙarfi ba, ba kuma da shakka ba. Idan bindiga na aiki a hannun wani tana cijewa a hannunka, ka san inda maganar take.

Wannan ya fi muhimmanci ga masu manyan bindigogin farauta. Masu tsarin Mauser na 1898 doguwar ƙugiyarsu tana kama harsashi tun yana fitowa daga magazin, don haka daga magazin ake ciyar da su. Jefa harsashi a ɗaki da hannu a rufe sakata a kansa na iya karya ƙugiyar a tsofaffin. Masu tsarin turawa kawai, irin Remington 700 da ta fito a 1962, ƙugiya ba ta kamawa sai an kwantar da hannu. Idan ka tura ka fasa ka ja baya, na farko na zaune a ɗaki, kana sake turawa ka kawo na biyu da tsininsa ya nufi tsakiyar gindin na farko, inda wutar take. Idan ka ji ta tokare, tsaya.

Idan ya riga ya maƙale

Kada ka doki hannun sakata da itace ko dutse, ko don rufewa ko don buɗewa. Matse zoben gindin .22 da ƙarfi daidai yake da bugun allura, yana iya tashi alhali sakata ba ta kulle ba. Cire magazin, ja sakata baya a hankali, karkata bindigar gefe, sau da yawa harsashin zai faɗo. Idan mai rai ne ya cije a cikin ɗaki, kada ka zura sanda ta baki ka buga. Zare sakata gaba ɗaya, ka kai wa mai gyara, kuma kalmar farko da za ka faɗa masa ita ce akwai mai rai a ciki.

Idan ka ja kunama ta yi ƙyas babu harbi, riƙe ta a saitin ƙasa ka ƙirga daƙiƙa 30 aƙalla kafin ka buɗe, domin tsohon harsashi kan yi jinkirin tashi. Idan kuwa ƙarar ta fito a raunane, ba kamar yadda ka saba ji ba, kada ka ƙara wani. Zare sakata ka leƙa, wataƙila dalmar ta tsaya a tsakiyar bututu.

Ajiya da kai ta gyara

Kada ka ajiye bindiga ɗaki ɗaya da buhunan taki. Yuriya da sauran takin zamani suna jan danshi suna cin ƙarfe, duk wanda ya ga fartanyar da ta kwana a kan buhun taki ya sani. Kada ka naɗe ta a leda ko kube na fata da damina. Goge ta da tsumma mai ɗan mai bayan kowace fita, toshe baki da ɗan ƙyalle saboda zanzaro, amma ƙyalle mai launi da ke lilo a waje, yadda ba za ka manta da shi ba. Harsasai a gwangwani mai murfi, a wuri mai sanyi, tare da ’yan ƙunshin busar da danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi. Bindiga a kulle wuri ɗaya, sakata da harsasai a kulle wani wurin, inda yara ba sa kaiwa.

Idan ka bi duk wannan ba ta daidaita ba, ko ka ga tsaga, ko hannun sakata na girgiza bayan an kulle, ko kwanso na fitowa a kumbure ko a tsage, ka daina harbi da ita. Tambayi ofishin ’yan sanda da ya san lasisinka su nuna maka mai gyara mai izini. A halin tsaron da ake ciki, kada ka hau hanya da ita ba tare da ka sanar da su ba. Ka tafi da ita babu harsashi, sakata a cire a naɗe daban, lasisi na asali a aljihun gaba. Ka riƙa masa magazin ɗin duka, da harsasan da suka ƙarzu, da kwanso uku ko huɗu da ta harba kwanan nan, ka kuma gaya masa a daidai ina sakata ke tsayawa da harsashi na nawa ne ke cijewa.